Tarihin Tace Takardun Neman Tallafin Karatu a Amurka, 1944 zuwa 2024

1.0 Gabatarwa

Duk ƙasar da ta ɗauki alkawarin taimaka wa 'ya'yan talakawa su yi karatu mai zurfi, tilas ne ta amsa tambayoyi uku tun kafin ta fitar da ko sisin kwabo. Ta farko, wane ne ya cancanci taimakon? Ta biyu, wa zai auna wannan cancanta, kuma da wane irin ma'auni? Ta uku, a wuyan wa za a rataya wahalar kawo shaida, ɗalibi ko hukuma? Majalisar dokoki takan amsa tambaya ta farko a cikin doka, jaridu kuma su yi ta yayatawa. Sauran biyun kuwa a ofis ake amsa su, a jikin fom ɗin da ake miƙa wa ɗalibi, da kuma hannun akawun da zai karɓa ya duba. Sau da yawa a wannan mataki na biyu ne, wanda ba a cika kula da shi ba, ake yanke ko yaro zai shiga jami'a ko zai koma gida.

Manufar wannan lacca ita ce bin tarihin yadda ƙasar Amurka ta yi ta fama da waɗannan tambayoyi tun daga 1944 har zuwa 2024. An zaɓi Amurka ne saboda yawan masu nema a can, domin kimanin ɗalibai miliyan 17 ne ke cika fom ɗin gwamnatin tarayya kowace shekara, sa'an nan kuma saboda an rubuta nasarori da kurakuran tsarin filla-filla, har ma an yi musu gwaji irin na masana. Ɗalibi zai ga yadda aka haifi takardar da ake sa shi cikawa, ma'aikacin gwamnati kuma zai ga irin nauyin da ke kan alƙalaminsa.

2.0 Daga alfarma zuwa haƙƙi

Taimakon ɗalibai a Amurka ya girmi ita kanta ƙasar. A 1643 wata attajira 'yar Landan, Anne Radcliffe Mowlson, ta ba Kwalejin Harvard fam 100 domin a riƙa taimaka wa ɗalibi matalauci. Daga nan har kusan shekara 300 tsarin bai sake sosai ba. Masu hannu da shuni su ba da kyauta, shugaban kwaleji ko wani ɗan kwamiti ya zaɓi wanda ya ga dama, galibi bisa wasiƙar malamin makaranta ko ta limamin coci. Babu ma'auni ɗaya, babu kuma wurin kai kuka. Wanda ya samu ya gode, wanda ya rasa ya haƙura, domin abin alfarma ne.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya sauya wannan hali. Ranar 22 ga Yuni 1944 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a kan dokar taimakon sojojin da suka dawo daga yaƙi. Dokar ta ce duk wanda ya yi aƙalla kwana 90 a soja, kuma ba a kore shi bisa wani laifi ba, gwamnati za ta biya masa kuɗin makaranta har dala 500 a shekara, ta kuma ba shi alawus na wata-wata. Abin lura a nan shi ne sauƙin tacewar. Ba a tambayi soja abin da ubansa ya mallaka ba. Takardar sallama daga soja ita ce shaida, ita kuwa tana hannun gwamnati tun da farko. Hukumar kula da tsofaffin sojoji ta ba shi takardar cancanta, ya kai makaranta, makaranta ta aika wa hukuma da lissafinta. Zuwa 1956 mutum miliyan 7.8 sun ci moriyar wannan tanadi na ilmi da koyon sana'a, daga cikinsu kimanin miliyan 2.2 sun shiga kwaleji ko jami'a. A 1947 kusan rabin ɗaliban manyan makarantun ƙasar tsofaffin sojoji ne.

Amma fa wannan sauƙi ya zo da illoli biyu. Ta farko, da yake makaranta ake biya kai tsaye ba tare da bincike mai ƙarfi ba, sai makarantun jabu na koyon sana'a suka yi ta tsirowa kamar ciyawar damina, suna karɓar kuɗin gwamnati ba sa koyar da kome. Wannan ya sa da aka zo yin irin wannan doka ga sojojin yaƙin Koriya a 1952, sai aka koma biyan shi sojan, shi kuma ya biya makaranta. Illa ta biyu ta fi muni. An bar aiwatar da dokar a hannun jami'ai da makarantun jihohi, a jihohin Kudu kuwa wariyar launin fata ita ce doka a lokacin. Baƙar fata da yawa sun riƙe takardar cancanta a hannu, amma manyan jami'o'in jiharsu ba sa ɗaukar su, 'yan kwalejojin baƙar fata kuma sun cika maƙil. Watau doka ɗaya ce a rubuce, amma ƙofar da za a bi a ci moriyarta ba ɗaya ba ce.

3.0 Haihuwar ma'aunin bukata

Da sojoji suka gama karatu suka watse a farkon shekarun 1950, yawan ɗalibai ya ragu, sai kwalejoji masu zaman kansu suka shiga gasar jawo haziƙan yara da kuɗi. Yaro ɗaya sai kwaleji uku ko huɗu su yi ta ƙara masa tayi kamar ana cinikin sa a kara, ko da kuwa ubansa mai hali ne. Kuɗin taimakon da ya kamata ya isa ga mutum goma sai ya ƙare a kan mutum biyu.

A 1953 jami'in da ke kula da tallafin ɗalibai a Harvard, John Monro, ya gabatar da wata takarda a taron ƙungiyar kwalejoji da ake kira College Board, inda ya bayyana hanyar da ofishinsa ke bi wajen auna ƙarfin iyali. Hanyar ita ce a ɗauki abin da iyaye ke samu a shekara da abin da suka mallaka, a yi rangwame saboda yawan 'ya'ya da sauran ɗawainiya, a fitar da adadin da ya kamata iyalin su iya biya. Sai a debe wannan adadi daga jimlar kuɗin karatu. Abin da ya rage shi ne bukatar ɗalibi, shi ne kuma iyakar abin da za a ba shi. A 1954 ƙungiyar ta kafa wani sashe na musamman domin wannan aiki, kwalejoji kusan 100 suka shiga. Aka tsara fom guda, wanda aka sa wa suna bayanin sirri na iyaye. Iyaye su cika sau ɗaya, su biya ɗan kuɗi, su aika cibiya guda, cibiyar ta rarraba wa kwalejojin da yaro ya nema.

Wannan lissafi na Monro, watau kuɗin karatu a debe kason iyali, shi ne ginshiƙin tsarin Amurka har yau. Ya kawo adalci ta fuska guda, domin ya maye gurbin son rai da ƙa'ida. Sai dai ya kamata a lura da waɗanda aka yi dominsu tun asali. An tsara shi ne domin kwalejoji masu tsada su bambance tsakanin ɗan likita da ɗan lauya da ɗan mai kanti, mutanen da ke da gida da hannun jari da ajiya a banki, waɗanda kuma suka saba da cika takardu. Tambayoyinsa masu yawa sun dace da irin waɗannan iyalai. Da aka zo aka shimfiɗa wannan ma'auni a kan miliyoyin talakawa, waɗanda amsarsu ga yawancin tambayoyin sifiri ce, sai aka ɗora musu wahalar da ba ta ƙara wa hukuma sanin kome game da halinsu.

4.0 Shigowar gwamnatin tarayya

Ranar 4 ga Oktoba 1957 Tarayyar Sobiyat ta harba kumbon Sputnik, hankalin Amurka ya tashi, ana ganin an bar ta a baya wajen kimiyya. A Satumba 1958 aka kafa dokar ilmi domin tsaron ƙasa, wadda ta tanadi rance ga ɗalibai har dala 1,000 a shekara, da ruwa kashi 3 cikin 100, tare da yafe wani ɓangare ga wanda ya zama malamin makaranta. Gwamnati ta zuba kuɗin a asusun kowace kwaleji, kwalejin ta zaɓi waɗanda za ta ba. Wannan ya tilasta wa makarantu da dama buɗe ofishin tallafin ɗalibai a karo na farko, aka kuma sami sabon rukunin ma'aikata waɗanda sana'arsu ke nan. A wannan doka ne kuma aka fara ganin wata ɗabi'a da za ta yi ta maimaituwa, ta cusa wa fom abin da bai shafi karatu ba. An ce sai mai nema ya sa hannu a kan takardar rantsuwa cewa ba ya cikin wata ƙungiya mai neman kifar da gwamnati da ƙarfi. Jami'o'i irin su Harvard da Yale da Princeton suka ƙi shiga shirin rancen ko suka fice saboda wannan sharaɗi, har aka soke shi a 1962.

Ranar 8 ga Nuwamba 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan Dokar Ilmi Mai Zurfi a kwalejin da shi kansa ya yi karatu, a garin San Marcos na jihar Texas. Johnson ya taɓa koyar da 'ya'yan talakawa 'yan asalin Meziko a ƙaramin garin Cotulla, ya kuma sha ambaton su a jawabansa. Dokar ta kawo kyautar kuɗi ga ɗalibai mabukata, ta kuma sa gwamnati ta tsaya wa ɗalibai lamuni a bankuna. Amma har yanzu kuɗin kyautar ta hannun makaranta yake bi. Ɗalibi ba zai san abin da zai samu ba sai ya nemi shiga, an ɗauke shi, sa'an nan a ga ko kason makarantarsa bai ƙare ba.

Gyaran dokar na 1972, wanda Shugaba Richard Nixon ya sa wa hannu, shi ya warware wannan ƙulli. Ƙungiyoyin jami'o'i sun so a ba makarantu kuɗin bisa yawan ɗalibansu. Sanata Claiborne Pell na jihar Rhode Island ya dage a kan a ba ɗalibi, ya tafi da haƙƙinsa duk makarantar da ya zaɓa, ra'ayinsa kuma ya yi rinjaye. Doka ta ƙayyade dala 1,400 a debe kason iyali, kada kuma kyautar ta wuce rabin kuɗin karatu. A shekarar farko, 1973/74, kuɗin da Majalisa ta ware bai kai ba, saboda haka 'yan ajin farko kaɗai aka ba, kimanin mutum 176,000, mafi yawan abin da mutum ya samu kuwa dala 452. A 1980 aka sa wa kyautar sunan Pell. Muhimmancin wannan gyara ga batun tacewa shi ne, tun da haƙƙin ya zama na ɗalibi a ko'ina yake, dole gwamnatin tarayya ta mallaki fom nata, da lissafi nata, da cibiyar da za ta tace miliyoyin takardu.

5.0 Daga fom barkatai zuwa fom guda

A tsakiyar shekarun 1970 ɗalibi guda kan iya cika fom uku ko huɗu: na gwamnatin tarayya, da na jiharsa, da na College Board ko na kishiyarta ACT, da kuma na ita kwalejin. Kowanne da ranar rufewarsa, kowanne da lissafinsa, har iyali ɗaya su sami adadi daban-daban a kan dukiya ɗaya. Wani kwamiti a ƙarƙashin Francis Keppel, tsohon kwamishinan ilmi na tarayya, ya zauna a 1974 da 1975, ya sa ƙungiyoyin biyu suka amince da lissafi iri ɗaya. A 1986 Majalisa ta karɓe lissafin daga hannun ƙwararru ta rubuta shi a cikin doka. A 1992 ta haɗe lissafin kyautar Pell da na sauran taimako, ta cire darajar gidan da iyali ke zaune a ciki daga abin da ake ƙirgawa, ta kuma ba da umarnin a yi fom guda na kyauta. Wannan shi ne fom ɗin da aka sani da FAFSA, wanda aka fara aiki da shi a shekarar karatu ta 1993/94, aka kuma sa shi a intanet a 1997. Kwalejoji masu tsada da ba su gamsu da cire gida daga lissafi ba suka ci gaba da neman ƙarin fom nasu na biya.

Yana da kyau a fayyace hanyar da takarda ke bi a wannan tsari, kamar yadda aka yi ta aiki da shi har 2023. Ɗalibi da iyayensa su cika fom, su rubuta sunayen makarantun da yake nema. Fom ya isa babbar cibiyar kwamfuta ta Ma'aikatar Ilmi, wadda 'yan kwangila ke gudanarwa. Cibiyar ta gwada bayanan da na wasu hukumomi: ta tabbatar da suna da lambar shaida a wurin hukumar fansho da jin daɗin jama'a, ta tabbatar da izinin zama ga wanda ba ɗan ƙasa ba, ta duba ko mai nema ya taɓa ƙin biyan rancen karatu. Sa'an nan ta lissafa kason iyali, ta aika wa ɗalibi da taƙaitaccen rahoto, ta aika wa kowace makaranta da cikakke. Daga nan aiki ya koma hannun jami'in tallafi na makaranta, wanda zai harhaɗa kyauta da rance da aikin wucin gadi, ya rubuta wa ɗalibi wasiƙar tayi. Bisa al'ada, ɗalibi yana da har 1 ga Mayu ya zaɓi makaranta. Gwamnatocin jihohi ma da wannan rahoto suke dogara wajen raba nasu tallafin. Ashe ke nan sarƙa ce, in zobe ɗaya ya tsinke duk sauran sun tsaya.

Da yake fom ɗin ya zama ƙofar da kowa ke bi, sai 'yan Majalisa suka riƙa rataya masa bukatunsu. A 1982 aka kafa dokar hana taimako ga duk saurayin da bai yi rajistar shiga soja ba. A 1998 aka ƙara sharaɗi game da wanda aka taɓa yanke wa hukunci a kan miyagun ƙwayoyi. Tambaya bisa tambaya, har fom ya haura tambaya 100.

6.0 Abin da tambaya ke ci

An daɗe ana ɗauka cewa yawan tambaya shi ne adalci, domin shi ke hana mai hali ya ci rabon mabukaci. Masana tattalin arziki ne suka zo suka auna wannan zato. A 2006 Susan Dynarski da Judith Scott-Clayton suka nuna cewa 'yan tambayoyi ƙalilan, musamman abin da iyali ke samu a shekara da yawan mutanen gida, sun isa su fitar da kusan adadin kyautar Pell ɗin da dogon fom ke fitarwa. Sauran tambayoyin kaɗan suke sauyawa. Daɗin daɗawa, mafi yawan bayanan da ake nema suna nan a ajiye a hukumar tara haraji, watau gwamnati na tambayar talaka abin da ta riga ta sani.

Gwaji na biyu ya fi wannan fito da abin fili. A 2008 Eric Bettinger da Bridget Long da Philip Oreopoulos da Lisa Sanbonmatsu suka haɗa kai da kamfanin H&R Block, mai taya mutane cika takardun haraji, a jihohin Ohio da Karolina ta Arewa. Aka raba iyalai masu ƙaramin ƙarfi ta hanyar ƙuri'a. Wasu aka ba su bayani kawai game da taimakon da za su iya samu. Wasu kuma, bayan an gama musu takardar haraji, ma'aikaci ya ɗauki 'yan mintoci ya taya su cika fom ɗin tallafi da bayanan da ke gabansa. Sakamakon da aka buga a 2012 ya nuna cewa bayani shi kaɗai bai ƙara yawan masu cika fom ba. Amma a cikin 'yan ajin ƙarshe na sakandare da aka taya iyayensu cikawa, waɗanda suka kammala shekara biyu a kwaleji sun kai kashi 36 cikin 100, alhali a cikin waɗanda ba a taya ba kashi 28 ne. Ba a ƙara ko dala ɗaya a kan kyautar ba, hannu kawai aka sa musu a takarda.

Akwai kuma matakin da ake kira tantancewa. Bayan an karɓi fom, kwamfuta kan zaɓi wasu ta ce sai makaranta ta nemi ƙarin shaida, kamar takardar haraji ta asali, ko shaidar cewa uba bai kai matsayin biyan haraji ba. An yi shekaru ana zaɓar kusan kashi ɗaya cikin uku na masu nema, mafi yawansu kuwa waɗanda suka cancanci kyautar Pell ne, tun da a kansu kuɗin gwamnati zai fita. Sakamakon haka, mafi talauci shi aka fi tuhuma, shi ne kuma wanda kawo takarda ya fi yi wa wuya. Ɗalibai da yawa a nan suka yi ta zubewa, ba tare da an kama su da ƙarya ba.

An yi gyare-gyare a hankali. Daga 2010 aka ba mai nema damar jawo bayanansa daga hukumar haraji ta intanet, ko da yake an dakatar da wannan hanya na wasu watanni a 2017 bayan ɓarayi sun bi ta cikinta sun taɓa bayanan mutum kimanin 100,000. Daga 2016 aka dawo da ranar buɗe fom daga 1 ga Janairu zuwa 1 ga Oktoba, aka kuma yarda a yi amfani da harajin shekarar da aka riga aka kammala lissafinta, domin iyali su san matsayinsu da wuri.

7.0 Gyaran da ya zo da gardama

Sanata Lamar Alexander, tsohon sakataren ilmi, ya shahara da warware dogon fom mai tambaya 108 a gaban jama'a har ya taɓo ƙasa. Ƙoƙarinsa da na abokan aikinsa daga jam'iyyun biyu ya haifi doka biyu. Ta Disamba 2019 ta ba hukumar haraji izinin miƙa bayanai kai tsaye ga Ma'aikatar Ilmi in mai nema ya yarda. Ta Disamba 2020 ta rage tambayoyi ƙwarai, ta sauya lissafi, ta cire sharaɗin rajistar soja da na ƙwayoyi, ta kuma maido wa fursunoni damar samun kyautar Pell, wadda aka hana su tun 1994.

Dokar ta yi kyau a takarda, amma aiwatar da ita ya bukaci a rushe tsohuwar na'urar da ta yi shekaru da dama tana aiki, a gina sabuwa. Aka ɗaga aikin da shekara guda, duk da haka ba a gama ba. Fom ɗin 2024/25, wanda ya kamata a buɗe a Oktoba 2023, sai 30 ga Disamba ya fito, a kwanakin farko ma na ɗan lokaci kaɗan yake buɗuwa a yini. Aka gano ba a daidaita jadawalin lissafi da hauhawar farashi ba, kuskuren da zai rage wa ɗalibai kimanin dala biliyan 1.8. Gyaran wannan ya sa rahotanni ba su fara isa makarantu ba sai Maris 2024, wasu kuma suka iso da kurakurai aka sake lissafa su. Ɗaliban da suke 'yan ƙasa amma iyayensu ba su da lambar shaida sun yi watanni ba sa iya kammala fom. Makarantu da yawa suka ɗaga wa'adin 1 ga Mayu, shugaban ofishin tallafin ɗalibai na tarayya kuma ya bar aiki a tsakiyar shekarar.

A Satumba 2024 ofishin da ke binciken ayyukan gwamnati a madadin Majalisa ya ba da rahoto cewa a watanni biyar na farko an buga wa cibiyar taimako waya sau miliyan 5.4, amma miliyan 4 daga ciki ba a amsa ba. Zuwa ƙarshen Agusta masu nema sun ragu da kimanin 432,000 in an gwada da shekarar da ta gabata, raguwar kuma ta fi tsanani a cikin masu ƙaramin ƙarfi. A Disamba 2024 aka kafa dokar da ta wajabta buɗe fom ranar 1 ga Oktoba ko kafin nan.

8.0 Kammalawa

Abu uku suka fito daga wannan tarihi. Na farko, tsarin da ya fi isa ga jama'a shi ne wanda hukuma ta dogara da shaidar da ke hannunta, kamar takardar sallamar soja a 1944 da bayanan haraji a zamanin baya-bayan nan. Na biyu, kowace tambaya da aka ƙara domin kama mai zamba tana kuma korar wani mai gaskiya, saboda haka wajibi ne a auna ribarta da hasararta kafin a rubuta ta. Na uku, doka mai kyau ba ta amfanin kowa in ba a tanadi ma'aikata da na'ura da lokacin gwaji ba, kamar yadda 2024 ta nuna. Ya kamata kuma a tuna cewa sauƙin fom ba ya maye gurbin yawan kuɗi. A tsakiyar shekarun 1970 cikakkiyar kyautar Pell na ɗauke kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin karatu a jami'ar gwamnati. A 2024 tana dala 7,395, amma ba ta kai kashi ɗaya cikin uku ba, bashin karatu na gwamnatin tarayya kuwa ya kai kimanin dala tiriliyan 1.6 a wuyan mutum wajen miliyan 43.

Nijeriya ma ta sha karo da waɗannan tambayoyi. Hukumar ba ɗalibai rance da aka kafa a 1972 ta durƙushe saboda kasa karɓo bashi, Bankin Ilmi na 1993 kuma bai yi wani abin a zo a gani ba. Dokar rancen ɗalibai ta 12 ga Yuni 2023 ta zo da sharaɗin kada abin da iyali ke samu ya kai naira 500,000 a shekara, sa'an nan mai nema ya kawo masu tsaya masa biyu daga cikin manyan ma'aikatan gwamnati, ko lauyoyin da suka daɗe a aiki, ko alƙalai da makamantansu. Ɗan manomin da ya cika sharaɗi na farko shi ne wanda na biyu zai fi gagara. An soke dokar a Afrilu 2024, aka kafa wata wadda ta cire waɗannan sharuɗɗa, asusun NELFUND kuma ya fara karɓar takardu ta intanet ranar 24 ga Mayu 2024, bisa lambar JAMB da lambar ɗan ƙasa da lambar banki, tare da jerin sunayen da kowace makaranta ke aikawa. Wannan ya mai da nauyin shaida kan hukuma, amma ya kuma rataya rabon ɗalibi a kan ofishin rajistara, domin wanda makarantarsa ba ta aika da sunansa daidai ba, ba shi da hanyar wucewa.

Saboda haka duk wanda aka ba aikin tsara fom, ko a hukumar tallafin karatu ta jiha ko a jami'a, yana da kyau ya tsaya a kan kowane layi ya tambayi kansa: shin amsar nan za ta sauya hukunci? Shin babu ita a wani ofishin gwamnati? Wane ɗalibi ne zai kasa kawo ta? Ɗalibi kuma ya san cewa cika takarda da wuri, da bin sawunta har ta isa inda aka nufa, wani ɓangare ne na neman ilmin kansa.